Gida da Makarantar Nazare: Inda Karatu da Lissafin Yaro Suke Farawa

Wannan bayani domin iyaye ne, da malaman makarantar Lahadi, da Zumuntar Mata, da dattawan ikkilisiya masu kula da makarantun yara. Abin da muke so mu nuna shi ne, iya karatu da iya lissafi ba ranar da yaro ya shiga aji ɗaya suke farawa ba. Tun yana goye ake aza harsashinsu, ta wurin maganar da ake yi da shi, da labarin da ake ba shi, da abubuwan da ake ƙirgawa tare da shi. Makarantar nazare a kan wannan harsashi take ɗora gini. Za mu ɗauki misalanmu daga Fagge da Sabon Gari a Kano, gama abin da iyaye suke fuskanta a can shi ne ake fuskanta a yawancin biranenmu na Arewa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Allah bai fara danƙa koyarwar yara ga makaranta ba, ga iyaye ya danƙa ta. A cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7 an umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Ubangiji cikin harkar yau da kullum, a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. A Joshuwa sura 4 an ɗauko duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun, ɗaya domin kowace kabila, aka kafa su domin wata rana yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da amsa. A nan muna ganin abin da ake iya taɓawa a ƙirga, da tambayar yaro, da labarin da babba zai bayar. Waɗannan uku kuwa su ne tushen lissafi da karatu.

Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa tun yana ɗan ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki, ya kuma ambaci kakarsa da mahaifiyarsa, waɗanda bangaskiyar nan ta fara zama a cikinsu (2 Timoti 1:5, 3:15). Amma a Afisawa 6:4 ubanni ne aka kira, aka kuma gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Saboda haka aikin na uwa da uba ne tare, kuma ba a yin sa da tsawa.

Fagge da Sabon Gari: gadon da muka tarar

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar Kano, inda ayarin raƙuman Azbinawa da fatake suke sauka. Tun zamanin da ake ciniki da wuri, 'ya'yan 'yan kasuwa a gindin iyayensu suke koyon ƙirga. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Kusan kowace ikkilisiya da suka gina, sai ta buɗe makaranta a gefenta. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ajin koyon karatu ya zama ɓangare na rayuwar ikkilisiyoyi masu Hausa, har dattawa da yawa a cikinmu ta wurinsa suka fara sanin baƙi.

Yau Sabon Gari yana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, tare da kasuwar Kantin Kwari da kasuwar Singa da babbar kasuwar Sabon Gari. Iyaye da yawa suna fita da sassafe zuwa shago ko rumfa ko wurin aiki, ba su dawowa sai duhu ya yi. Iyali guda sukan zauna a ɗaki ɗaya ko biyu na gidan haya. Yaro yakan ji harshe uku ko huɗu kafin ya kai shekara biyar: harshen iyayensa, da Hausa, da Turancin buroka na tsakar gida, da Turancin makaranta. Makarantun nazare masu zaman kansu kuma ga su nan a kowane layi, kuɗinsu yana cin babban kaso na abin da iyali suke samu. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, me yaro yake bukata da gaske, wane ɓangare ne kuɗi yake saya, wane ne kuma kuɗi ba ya iya saya?

Yadda karatu yake tsiro

Karatu yana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce gane cewa kalma sautuka ce da aka haɗa, kuma kowane baƙi yana tsayawa a madadin wani sauti. Ta biyu ita ce fahimtar ma'anar abin da aka karanta. Yaron da ya iya furta baƙaƙe amma bai san ma'anar kalmomin ba, bai karanta ba tukuna, ya yi sauti ne kawai.

Ƙafa ta biyu ce ta fi daɗewa tana girma, kuma a gida take girma. Yawan kalmomin da yaro ya sani yana zuwa ne daga hirar da ake yi da shi, wato ya yi magana a amsa masa, a tambaye shi ya ba da amsa. Akwai bambanci tsakanin gidan da yaro ba ya jin komai sai “zo”, “tafi”, “yi shiru”, da gidan da uwa take ce masa, “Ka ga hadari ya haɗu a gabas, me kake tsammani zai faru?” Tatsuniya tana koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma abu yana jawo abu. Kacici-kacici yana koya masa ya juya kalma ya dubi bayanta. Waƙoƙin yara da na sujada suna horar da kunnensa ya ji inda sautuka suka yi kama.

A Ingila, tun daga 1997, masana sun bi yara kimanin 3,000 daga shekara uku har suka girma. Sun tarar cewa abin da iyaye suke yi tare da yaro a gida, kamar karanta masa littafi, da rera waƙa, da wasa da baƙaƙe da lambobi, da zane, ya fi alaƙa da ci gabansa fiye da matsayin aikin iyayen ko zurfin karatunsu. Wannan albishir ne ga matalauci, gargaɗi ne kuma ga mai hali wanda yake ganin ya gama aikinsa da ya biya kuɗin makaranta.

Uwar da ba ta iya karatu ba kada ta ce ba ta da abin bayarwa. Tana iya buɗe littafin hotuna na labaran Littafi Mai Tsarki, ta nuna Nuhu da jirginsa, ta tambayi yaro sunan dabbobin, ta bar shi ya juya shafin da kansa. Daga nan yake koyon yadda ake riƙe littafi, da cewa a cikinsa akwai labari mai daɗi.

Batun harshe

Iyaye da yawa a Sabon Gari sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa ko harshen kakanninsu, don suna tsoron kada ya hana su Turanci. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon yakan zama akasi. Uban da Turancinsa kaɗan ne, in ya ɗaure wa kansa ba zai yi magana da yaro ba sai da shi, to, maganarsa za ta gajarce, labari da barkwanci da nasiha su ɓace. Yaro ya tashi ba shi da zurfi a kowane harshe. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da wata illa ba, muddin kowanne yana zuwa masa daga bakin wanda ya iya shi.

Hausa kuma tana da wata falala wajen koyon karatu. A rubutun boko, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi, wasula biyar ne kawai, gaɓoɓin kuma gajeru ne. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, da ka, ke, ki, ko, ku, nan da nan zai haɗa “baki” da “kuka” da kansa, ya kuma san abin da ya karanta. A Turanci baƙi ɗaya yana iya yin sauti uku ko huɗu. Wanda ya gane dabarar haɗa sauti a harshen da ya sani, ba zai sake koyon dabarar ba sa'ad da ya koma Turanci, sababbin kalmomi da ƙa'idodi kawai zai koya.

An gwada wannan a ƙasarmu. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussa ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta ce a fara koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen unguwarsu. Gwamnatoci sukan juya wannan magana, amma a cikin gida iyaye ne suke da iko. Bari makaranta ta koyar da Turanci, mu kuwa mu cika kunnen yaro da harshen da muka fi iya ba da labari da yin addu'a da shi.

Yadda lissafi yake tsiro

Sau da yawa mukan yi murna idan ɗan shekara uku ya jero lambobi daga 1 zuwa 100 da Turanci. Wannan hadda ce, kamar waƙa. Gwajin gaskiya shi ne a zuba masa dabino bakwai a faranti a ce, “Miƙo mini huɗu.” Kafin ya iya wannan, sai ya gane abubuwa uku: kowane dabino lamba ɗaya yake ɗauka, lambobin jerinsu ba ya sākewa, kuma lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin duka. Daga baya zai gane cewa ko an tara su wuri ɗaya ko an baza su, bakwai ɗin nan bakwai ne. Hannu da ido ne suke koyar da wannan, ba allo ba.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2007 wasu masana a ƙarƙashin Greg Duncan suka haɗa sakamakon manyan bincike shida daga Amurka da Birtaniya da Kanada. Sun ga cewa a cikin abubuwan da yaro yake shiga makaranta da su, fahimtar lissafi ce ta fi nuna yadda zai yi a azuzuwan gaba, sai karatu, sai iya tattara hankali.

Gidan ɗan kasuwa cike yake da kayan koyar da lissafi. Ga mudu da tiya da gwangwani, ga yadi a Kantin Kwari, ga katan da dozin a Singa. Uwa tana iya ce wa 'yarta, “Mu shida ne, ɗauko cokali ya ishe mu.” Uba yana iya ce wa ɗansa, “Jera mini kwalayen nan biyar-biyar, ka gaya mini layi nawa suka yi.” Raba ƙosai tsakanin yara uku darasin rabawa ne. Ware wake daga tsakuwa, da haɗa takalma ƙafa da ƙafa, da sanin babba da ƙarami, sama da ƙasa, jiya da gobe, duk lissafi ne. Dara da carafke da ludo ma haka. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani suka nuna cewa yaran matalauta a Amurka da suka yi wasan allo mai gidaje a jere daga 1 zuwa 10, sau huɗu kawai na minti goma sha biyar-biyar, sun ƙaru wajen gane wace lamba ce ta fi wata. Irin wannan allo ana iya zana shi a bayan kwali. Ƙirgar Hausa kuma tana bayyana kanta: “goma sha ɗaya” tana gaya wa yaro cewa goma ce da ɗaya a kai, abin da kalmar Turanci ba ta nuna masa.

Sai dai lissafin kasuwa ba ya zama lissafin takarda da kansa. A birnin Recife na Barazil, a wani bincike da aka buga a 1985, yara masu sayar da kaya a titi sun yi lissafin ciniki daidai da ka, amma da aka rubuta musu lissafin nan a takarda sai suka yi ta kuskure. Mun san irin waɗannan yara a cikinmu: yarinyar da ba a cutar ta a canji, amma tana faɗuwa jarrabawar lissafi. Aikin malami ne ya gina gada tsakanin biyun, ya fara da kuɗi da mudu da yaro ya sani, sa'an nan ya nuna masa yadda ake rubuta su. Wannan kuma ba hujja ba ce ta hana yaro makaranta a ɗora masa talla.

Lafiyar jiki da waya

Yaron da yake jin yunwa, ko zazzaɓin cizon sauro yake yawan kwantar da shi, ko ba ya ji sosai, ko ba ya gani sosai, koyo zai yi masa wuya. Kafin mu kira yaro daƙiƙi, mu kai shi a duba kunnensa da idonsa. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da sauran asibitoci masu wannan aiki.

Ko yaron da rashin abinci ya tauye, kulawa tana taimakonsa. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran, da kayan wasa na gida. Bayan shekara ashirin, waɗannan suna samun kuɗin shiga da ya fi na 'yan'uwansu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100.

Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawara kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waya tana magana, amma ba ta jiran amsar yaro.

Yadda za mu gane makarantar nazare mai kyau

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ce a nazare malami ɗaya ya riƙe yara 25, a koyar da su ta hanyar wasa. Kafin mu biya kuɗi, mu roƙi izini mu zauna a aji na rabin awa, mu lura da waɗannan:

1. Malama tana hira da yara, tana sauraron amsarsu, ko kuwa amshi kawai suke yi?
2. Ana karanta musu labari kowace rana? Akwai littattafai inda hannunsu zai kai?
3. Akwai abin ƙirgawa, ko da marafan kwalba ne da tsakuwa?
4. Ana koyar da sautin baƙi, ko sunansa kaɗai?
5. Yaron da bai ji Turanci ba, ana yi masa bayani da harshen da ya sani, ko hukunta shi ake yi?
6. Akwai ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da wurin wasa?
7. Bulala ce take riƙe da ajin?

Yawan aikin gida, da cika littafi da kwafe-kwafe, da tsadar bikin yaye, ba su ne ma'aunin koyo ba. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin dogon rubutu ba tukuna. Zane a ƙasa, da murza laka, da zura duwatsun ado a zare su ne suke shirya su. Haka nan gaggawar tsallakar da yaro aji, domin a ce ya gama da wuri, takan bar shi da ramin da zai bi shi har sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai gaggawa karya shi yake yi.

Aikin ikkilisiya

Makarantar Lahadi da Robert Raikes ya yaɗa a Gloucester ta Ingila daga 1780, koya wa 'ya'yan matalauta karatu take yi domin su karanta Maganar Allah da kansu. Ba baƙon abu ba ne in muka koma ga wannan. Malamin makarantar Lahadi yana iya sa yara su ƙirga gurasa biyar da kifi biyu da hannunsu, ko su jera tsakuwa goma su ɓoye ɗaya sa'ad da ake ba da misalin matar da kuɗinta ya ɓace a Luka sura 15. Ikkilisiya tana iya ajiye akwatin littattafan yara, na Hausa da na Turanci, a ba da aro daga Lahadi zuwa Lahadi. Zumuntar Mata tana iya ware taro guda a wata domin nuna wa sababbin iyaye wasanni da labarai. Tsofaffin malamai da suka yi ritaya suna zaune a kujerunmu, a shirye suke in an roƙe su.

Ikkilisiyar da take da makarantar nazare kuma ta tambayi kanta: muna biyan malamai a kan kari? Mun horar da su? Akwai gurbin ɗan gwauruwa da maraya? Makarantar da take ɗauke da sunan Almasihu ba shago ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi a Fagge suna kai 'ya'yansu makarantar allo tun suna ƙanana, ba su jira sai yaro ya girma ba, yawancinsu kuma suna da irin damuwarmu a kan boko. Inda suka kawo 'ya'yansu makarantunmu, amana ce suka ba mu, kuma riƙe ta da gaskiya shaida ce.

Ga iyayen da suke dawowa a gajiye, ba awa biyu muke roƙo ba. Minti goma sha biyar kafin addu'ar dare sun isa: labari ɗaya, tambaya biyu, abu ɗaya da za a ƙirga. Sa'ad da almajirai suka so su kori yara, Ubangiji Yesu ya ji haushi, ya rungume su ya sa musu albarka (Markus 10:13-16). Ya ba su lokacinsa a ranar da taro yake jiransa. Ubangiji ya ba mu alheri mu yi haka da namu. Amin.